Ta Ƙofar Kutare Aka Shigo

Wanda ya taso daga Talata Mafara ya nufi Sakkwato, in ya wuce Lambar Bakura da Tureta ya faɗa ƙasar Dange, ana saura kaɗan ya shiga birni zai wuce wani gari a bakin titi da ake kira Amanawa. Direbobi sun san shi, tsofaffin Mafara da Bakura da Maradun ma sun san shi, domin a da in aka ce an kai wane Amanawa ba sai an ƙara bayani ba, kowa ya san kuturta ce ta kama shi. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne, Kiristoci 'yan mishan ne suka raya asibitin nan, suka riƙe shi sama da shekara talatin, a ƙofar gidan Sarkin Musulmi, da saninsa kuma da yardarsa. Ƙasa ce wadda a lokacin ba a yarda mai bishara ya tsaya a kasuwa ya buɗe baki ba. Yadda aka yi aka kai ga haka tarihi ne da ya kamata Musulmi da Kiristan ƙasar nan su sani, musamman mu Kiristocin Hausa da ba ma rabuwa da maganar kira a majami'a, alhali da yawanmu ba mu san ta wace ƙofa kiran ya iso mu ba.

Kiran da ake nufi ba wani abu ba ne mai wuyar fahimta. Littafi Mai Tsarki ya nuna Yesu Almasihu yana neman mutanen da jama'a ta janye jiki daga gare su: ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, ya zauna bakin rijiya ya yi hira da wata Basamariya da ta fito ɗiban ruwa ita kaɗai da rana tsaka, ya ci abinci a gidan mai karɓar haraji da kowa ke ƙyama. Musulmi ma bai jahilci wannan ba, tun da Alƙur'ani ya ambaci Annabi Isa yana warkar da makaho da mai cutar fata da izinin Allah. Kirista ya ɗauka cewa abin da Ubangijinsa ya yi shi ma an ɗora masa: ya nemi wanda ke zaune shi kaɗai, da wanda zuciyarsa ke tambaya bai sami mai amsa masa ba.

Da wannan niyya ne samari uku suka sauka a Ikko a watan Disamba na 1893, Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Ƙasar Sudan suke nema, wato ƙasashen Hausa da maƙwabtansu. Ba su da kuɗin kirki, ba su da harshe, ba su san zazzaɓin cizon sauro ba. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake gwadawa a 1900 bai yi nasara ba, sai a 1902 mutanensa suka sami wurin zama a Patigi, ƙasar Nufe. Daga nan ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, ta samo asali. A 1900 ɗin nan kuma wata tawagar cocin Ingila, ta ƙungiyar CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta isa Kano, a cikinta akwai wani matashin likita mai suna Walter Miller wanda ya je har Tarabulus ya koyi Hausa a bakin alhazai da fatake. Sarkin Kano Alu bai ɓata lokaci ba ya sallame su. Suka koma Girku suka tsuguna.

Sai Turawan mulki suka ci ƙasa. A watan Maris na 1903, bayan faɗuwar Sakkwato, Gwamna Lugga ya yi wa manyan daula alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa baki a sha'anin addininsu ba. Razdan-razdan da Di'o-di'o suka riƙe wannan alkawari da ƙarfi, ba don ƙaunar Musulunci ba sai don zaman lafiyar mulkinsu, suka hana 'yan mishan kafa tasha a ƙasashen sarakunan Musulmi. Shekara talatin aka yi a haka. Mishan ta karkata zuwa tsaunukan Filato da kudancin Zazzau da Adamawa, masu son aiki cikin Hausawa kuwa, irin su Dokta Andrew Stirrett da ake kira Bature Mai Magani, sai dai su tare fatake a zango da kasuwannin da ke wajen iyaka su yi musu wa'azi. Miller ne kaɗai ya sami shiga birnin Zariya a 1905, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Ya yi shekaru yana fama, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba.

Mutanen da suka fara cika masa gida ba shi ya nemo su ba, su suka zo da ƙafarsu. Tun tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatun Alƙur'ani ya sa shi zurfafa tunani a kan matsayin Annabi Isa, har almajirai suka taru gare shi. Hukumar Kano ta ɗauki abin a matsayin fitina, aka kashe shi a kasuwa, mabiyansa suka watse zuwa wajen Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau. Su ake kira Isawa. Kamar yadda zuriyarsu ke ba da labari, an bar musu wasiyya cewa wata rana wani zai zo da littafin da zai ƙarasa musu bayani. Suka yi ta jira, su ba su koma cikin jama'a ba, su ba su san wani Kirista ba. A 1913 wasu daga cikinsu suka iso wurin Miller a Zariya. Aka sama musu fili a Gimi suka kafa gari, da gonaki da majami'a da makaranta. Murnar ba ta daɗe ba. Wurin yana da ƙudan tsando, ciwon barci ya shiga garin ya yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, cikin 'yan shekaru Gimi ta zama kufai. Yaran da suka tsira su aka rena a makarantar mishan, wadda daga baya, wajen 1929, ta koma Wusasa. Daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. A hannun Miller da abokan aikinsa Hausawa kuma aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932.

Isawa masu nema ne, amma tsiraru ne, kuma labarinsu bai maimaita kansa ba. Babbar ƙofar da ta buɗe wa mishan Kano da Katsina da Sakkwato wata ce daban, kuma sai an san halin da kuturu yake ciki a ƙasar Hausa kafin a gane dalili.

Bahaushe bai kori kuturu zuwa daji ba kamar yadda aka yi a wasu ƙasashe. Kutare suna da unguwarsu, suna da Sarkin Kutare kamar yadda makafi da guragu ke da nasu sarakunan, suna fita bara ranar kasuwa da ranar Juma'a, sadaka kuwa ba ta yanke musu ba, domin Musulunci ya hori mutane da bayarwa. Wanda ya tara abin hannunsa ma yana da ta cewa, shi ya sa aka ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. Sai dai ba da sadaka daban, zama tare daban. Ana jefa masa anini a ƙoƙo, ba a ba shi hannu. A gidansu an ware masa akushi da moɗa. Matarsa tana iya zuwa gaban alƙali a raba auren, tun da cutar tana cikin aibobin da fiƙihun Malikiyya ya yarda a warware aure saboda su. 'Ya'yansa mata sai manema su ja da baya. A bayan duk wannan kuma ga zargi: wai ya rantse da Alƙur'ani a kan ƙarya, wai ya haɗa kifi da nono, wai a jininsu take. Tun 1873 wani likitan ƙasar Norwe, Armauer Hansen, ya gano cewa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma yanzu an san yawancin mutane jikinsu na iya ture ta ko da sun zauna da mai ita, amma wannan ilimi bai iso ƙauye ba, har yau ma bai gama isowa ba.

Ita kanta cutar a hankali take cin mutum. Tana farawa da wani ɗan tabo a fata, ya fi sauran jiki haske ko ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, in an taɓa shi da auduga mai shi bai san an taɓa ba. Sai jijiyoyin hannu da ƙafa su fara mutuwa. Mace ta sauke tukunya daga murhu da hannu, ba ta ji komai ba, sai ta ga fata ta saɓule. Manomi ya taka kututturen dawa da safe, ya yini yana noma a kansa, sai da yamma ya ga jini a sawunsa. Miki ya zama gyambo, gyambo ya kai ƙashi, yatsu su yi ta gajarta. Da dare ɓera na iya gurgurar ƙafar mutum yana barci. In ta taɓa fuska, fatar ido ta daina rufuwa, ƙura da iska su ƙarasa da makanta. Mutum yana kallon jikinsa yana tafiya, yana kallon mutane suna ja da baya, shekara da shekaru. Ban san wani kaɗaici da ya kai wannan ba a cikin gari mai cike da jama'a.

Hukumomin En'e sun kafa sansanonin kutare, amma babu likita, babu ma'aikatan da za su yarda su zauna, kuma tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930, baitulmali ba ta da abin ɗaukar nauyi. A daidai lokacin ne Gwamna Donald Cameron ya sassauta takunkumin da aka sa wa mishan. SIM kuma ta sami mutumin da ya san aikin, Albert Helser, wanda ya riga ya yi aikin kutare a Garkida kafin ya shiga cikinta a 1936. Daga 1937 aka fara miƙa wa SIM asibitocin kutare na larduna: Yadakunya a Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Babbar Ruga a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, da na Lardin Sakkwato wanda ya zauna a Amanawa. Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya rasu a 1938, saboda haka akasarin aikin a zamanin Abubakar na Uku aka yi shi, wanda a Dange aka haife shi, kuma ya riƙe ƙasar Talata Mafara na ɗan lokaci kafin a naɗa shi. Sarakunan ba su sa hannu ido rufe ba. Sun san abin da ya kawo mishan, suka gindaya sharuɗɗa, babba daga ciki shi ne kada a koya wa yaron Musulmi wani addini ba da yardar iyayensa ba, kuma kada a tilasta wa majinyaci sauraron wa'azi. En'e ta ba da fili da kuɗi, ƙungiyoyin taimakon kutare na Ingila da Amurka suka ƙara, mishan ta kawo likitoci da nas-nas.

A lokacin babu maganin da ke kashe cutar sosai. Abin da ake da shi wani mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan wata itaciya ta ƙasar Indiya, ana kiransa calmugura. Mai ne mai kauri, ana yin allurarsa mako-mako a cikin tsoka ko a cikin tabon kansa, yana da zafi, wurin yakan kumbura, kuma sai a shekara biyu ko uku ana yi kafin a ga wani sauƙi, in ma an gani. Abin da ya fi allurar aiki shi ne wankin miki. Kowace safiya majinyata su yi layi, ma'aikaciya ta durƙusa gaban dattijo, ta kwance tsumman da ya ɗaure ƙafa da shi, ta jiƙa ƙafar a ruwa, ta kankare mataccen nama, ta sa magani ta naɗe da bandeji. Ta ce, "Sannu Baba, yaya ƙarfin jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, 'yata, Allah ya yi albarka." Wataƙila shekara goma ke nan rabon da wani mai lafiya ya riƙe ƙafar nan da hannunsa. Duk wanda yake son ya gane dalilin da ya sa wasu majinyata suka saurari abin da mutanen nan ke faɗa game da Yesu, to daga nan zai fara, ba daga wa'azin ba.

Asibitocin garuruwa ne sosai. Akwai gonaki, masu sauran ƙarfi suna noma, akwai masaƙa da maƙera da 'yar kasuwa, ana aure ana suna. Akwai makaranta, inda yara da manya suka koyi karatun boko a zamanin da a ƙauyukansu sai ɗan hakimi ko wanda aka kama da ƙarfi ke shiga aji. Mutumin da ya zo daga wani ƙauyen Maradun a kan jaki, yana ɓoye hannu cikin riga, sai ya tarar da ɗaruruwan irinsa daga Gobir da Kabi da Zamfara, ba mai ƙyamar kwanon wani.

Amma akwai wurin da tarihin nan yake da ɗaci, kuma bai kamata Kirista ya tsallake shi ba. Don a kare jarirai daga kamuwa, akan raba su da iyayensu mata tun suna ƙanana a kai su gidan reno na mishan. Ta fuskar likitancin wancan zamani akwai hujja. Ta fuskar uwa kuwa, an ɗauke mata abu ɗaya da ya rage mata a duniya. Yaran suka tashi a hannun mishan, da addu'arta da waƙoƙinta, wasu suka girma Kiristoci, wasu ba su ƙara komawa cikin danginsu yadda ya kamata ba. Sharaɗin da sarakuna suka kafa yana nan a takarda, amma wa zai je ya tambayi yardar uban da ke kwance a wani ƙauye mai nisan kwana uku? Ko a wajen manya ma, majinyaci ba shi da ƙarfin cewa a'a. In hannun da ke riƙe da allura shi ke riƙe da Littafi, ko ba a ce masa dole ba, shi ya san inda alherinsa yake. Wasu 'yan mishan sun gane wannan haɗari sun kiyaye, wasu kuwa wasiƙun da suke aikawa gida don neman gudummawa cike suke da lissafin waɗanda suka tuba, kamar dai jinyar hanya ce kawai ta kaiwa ga wannan lissafi. Zargin da malaman Musulunci suka yi ta yi cewa ana farautar masu rauni ba daga sama ya faɗo ba.

Ni a ganina a nan ne ake gane kiran gaskiya da wanda ya gurɓace. Luka ya ba da labarin kutare goma da Yesu ya warkar, ɗaya ne kaɗai ya komo ya yi godiya. Ya yi tambaya a kan sauran taran, amma bai janye warkarwar daga jikinsu ba, bai kuma sa musu sharaɗi tun farko ba. Yawancin waɗanda suka kwanta a Amanawa da Yadakunya da Babbar Ruga da sallarsu suka zo, da ita suka koma gida. In da lissafin tuba ne ma'auni, to aikin shekara talatin bai biya kuɗin sabulu ba. Amma dubban mutanen da aka wanke wa miki, aka kira su da sunansu, aka zauna aka ji labarinsu, ba asara ba ne, su ne aikin. Duk sa'ad da mai bishara ya fara kallon kaɗaicin mutum a matsayin dama, ya daina ganin mutumin.

Ƙarshen shekarun 1940 magani ya sauya komai. Aka samo dafson, kuma a Uzuakoli da ke gabashin Nijeriya Dokta John Lowe ya nuna cewa ana iya ba da shi ƙwaya a haɗiya, da araha, ba sai an yi allura ba. Tun da haka ne, ba lalle ba ne a tsare mutum shekaru a sansani. A shekarun 1950 aka bazu da ƙananan ɗakunan shan magani a garuruwa da ƙauyukan Arewa, majinyaci ya zo ranar da aka sa masa ya karɓi ƙwayarsa ya koma gona. Su wa za su riƙe waɗannan ɗakuna? Da yawa tsofaffin majinyata ne da suka warke, waɗanda suka yi karatu a asibitin aka koya musu duba tabo da rubuta kati. Masaniyar tarihi Shobana Shankar, wadda ta bi diddigin wannan zamani, ta nuna cewa waɗannan ma'aikata 'yan ƙasa, ba Turawa ba, su ne ƙashin bayan ƙaramar jama'ar Kirista da ta tsiro a ƙasar Hausa ta Musulmi. Abin ba mamaki. Mutumin da ya hau keke da akwatin magani ya shiga ƙauye, ya nuna wa mai ɓoye tabo nasa hannun da ya lanƙwashe ya ce masa shi ma ya bi ta nan, yana da wata magana a bakinsa da Bature ba zai taɓa samu ba. Sun san kunyar daga ciki. Wasunsu sun sha wuya biyu, ƙyamar tsohuwar cuta da ƙyamar sabon addini, dangi suka yanke su, gado ya wuce su, aure ya yi musu wuya sai a tsakaninsu.

A hayin iyaka, ƙasar Nijar, ma haka aka bi. SIM ta shiga Damagaram a 1924, ta zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950 da asibitin kutare na Danja a 1956, dukansu suna aiki har yau. A Nijeriya majami'un da suka fito daga SIM suka tsaya da ƙafarsu a 1954 da sunan ECWA, da ƙungiyarsu ta masu bishara 'yan ƙasa waɗanda suka shiga ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina. Katolika kuwa ta ƙarfafa a wannan yanki da zuwan limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka a shekarun 1950, suka yi cibiya a Gusau, matan zuhudu daga jihar Kansas suka biyo su a 1956 da aikin jinya da karɓar haihuwa, Sakkwato ta zama cikakkiyar dayosis a 1964. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe asibitoci da makarantun mishan, Amanawa ta koma hannun hukuma.

Kiristancin da ake gani yau a Talata Mafara da Gusau da Ƙauran Namoda akasarinsa ba ta wannan ƙofa ya shigo ba. Jirgin ƙasa ne ya kawo shi, da ya iso Ƙaura a 1929 da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, sai aikin madatsar ruwan Bakolori a shekarun 1970 wanda ya tara leburori da injiniyoyi daga ko'ina, sai malaman makaranta da ɗaliban kwalejin Abdu Gusau da masu yi wa ƙasa hidima. Majami'un baƙi ne, kuma sun yi wa baƙi amfani, domin baƙunci ma kaɗaici ne: yaron da aka turo daga Inugu ko Binuwai bai san kowa ba, ranar Lahadi yake samun wanda zai tambaye shi ko ya ci abinci. Sai dai majami'ar baƙi tana da halin juya wa gari baya. Bayan da Gwamnan Zamfara Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999, tsoro da rashin sanin abin da gobe za ta haifar suka ƙara sa kowa ya shige cikin nasa. Ina gane dalilin, ba na kuma raina shi. Amma wanda ya san cewa an taɓa yin Kiristocin da suka durƙusa gaban dattawan ƙasar nan suna wanke musu ƙafa, dole ya ji wani abu in ya ga kira ya tsaya a bakin katangar coci.

Ga shi kuwa waɗanda aka bari su kaɗai sun ƙaru ba su ragu ba. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A cikin 2021 ɗin dai aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, aka shiga makarantar Kaya a ƙasar Maradun, a watan Satumba aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, mutum bai san ko ɗan'uwansa na ƙauye yana raye ba. Waɗannan su ne suka shiga labarai. Waɗanda ba su shiga ba su ne zawarawan da ke kwana a kangaye da shagunan da ba a gama ba, da dattijon da ya bar gonar kakanninsa yana zaune bakin tasha, da matar da ta dawo daga daji da ciki, mijinta ya kasa kallonta, maƙwabta suna aiko mata da tuwo amma ba mai shiga ɗakinta ya zauna. Musulmin garuruwan nan su ke ɗauke da mafi yawan nauyin, da zakkarsu da gidajensu da suka buɗe wa 'yan gudun hijira, kuma Kiristan da zai sa hannu bayansu zai bi, ba gabansu ba. Ba ya bukatar izinin kowa kafin ya gai da mutum, ya zauna, ya saurara. Zumunta a ƙafa take. In an tambaye shi abin da ya gaskata ya faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, in ba a tambaya ba buhun masarar da ya kawo ba shi da igiya a jikinsa.

Kuturtar ma ba ta tafi ba. Tun farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna, dafson da rifamfisin da kulofazimin, masu kashe cutar cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. A 1998 Nijeriya ta kai mizanin da ake cewa cutar ta daina zama barazana ga jama'a, sai hankali da kuɗi suka koma wani wuri. Ƙungiyar The Leprosy Mission, wadda Wellesley Bailey ya kafa a 1874 saboda kutaren Indiya, tana cikin masu sauran aiki a Zamfara da Sakkwato da Kabi, tare da ma'aikatan gwamnati, Musulmi da Kirista: neman masu tabo tun kafin jijiya ta mutu, koya wa waɗanda suka nakasa jiƙa ƙafa da shafa mai kowace rana, ɗinka musu takalma masu taushin ciki. Duk da haka kowace shekara ana samun sababbin masu cutar a Nijeriya sama da 2,000, da yara a cikinsu, kuma da yawa sai yatsu sun riga sun lanƙwashe suke zuwa, saboda ƙauyukan da ya kamata a shiga a duba ba su shiguwa. A 2024 maganin ma ya yanke a ƙasar baki ɗaya saboda tangarɗar takardun shigo da shi, majinyata suka yi ta zuwa asibiti ana ce musu su dawo, kusan shekara guda, sai a watan Maris na 2025 kaya suka iso.